Uwargida, Kada Barci Ya Riga Tuwo Zuwa Wurin Yaranki

  

Uwargida, bari mu fara da abin da ni da ke duk mun sani. An tashi daga Islamiyya ƙarfe shida saura, kin shigo gida kin cire hijabi, sai ga wanke-wanken rana jibge, ga gari ba a tankaɗe ba, ga itace ɗanye. Kafin wuta ta kama an kira Magariba. Kin yi salla a gurguje, kin yi talge, kin koma kan miya, kin dawo kin tuƙa. Kafin ki kwashe har an idar da Isha'i. Ki leƙa ɗaki, autanki ya ɓingire a kan tabarma. Ki tashe shi, ya ci loma biyu ido a rufe yana kuka, ya koma barcinsa. Wannan yaro da yunwa ya kwana, alhali ga tuwo cike da kwano.

Matan Dabawa da sauran garuruwan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi sun san wannan hali sarai. A cikinku akwai malamar firamare, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai mai karatu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011. Akwai kuma wadda ba ta fita ko'ina, amma tun asuba tana kan tuyar awara, ko murzar ƙuli-ƙuli, ko ɗinkin hula. Kowacce da hidimarta, kuma kowacce ita ake kallo idan rana ta faɗi.

Ga kuma tsadar makamashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na niƙa da na kayan masarufi suka ɗaga. A shekarun da matsalar 'yan bindiga ta addabi yankunan Dutsin-Ma, Kurfi da Safana kuwa, shiga daji neman itace ya zama kasada, itacen da a da ake samu a sauƙaƙe ya koma abin saye da ƙirge. Saboda haka girkin da zai ci awa uku a kan murhu, aljihun maigida ma yana jin sa.

Kada kuma ki ɗauki barcin yaro ba ci a matsayin ƙaramin abu. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na kula da masu tamowa a Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar. Talauci da ciwo da jinkirin zuwa asibiti su ne kan gaba a wannan musiba, ba laifin uwa ba ne. Amma ya isa ya tuna mana cewa cikin ƙaramin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci da yawa a zama ɗaya, don haka duk cin da ya wuce shi asara ce ga jikinsa.

Maganar da nake so ki riƙe a wannan wata ita ce: abincin dare mai sauri ba da Magariba ake fara shi ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mu kuwa da muke cin kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, karin maganar kamar don mu aka yi ta.

TANADIN RANAR KASUWA

Idan maigida ya dawo da cefane, ki ware awa biyu, ko a yammacin Laraba ko a safiyar Alhamis, ki yi waɗannan ayyuka sau ɗaya ki huta har mako ya zagayo.

Garin ɗanwake. Ki auna wake tiya ɗaya, busasshen rogo tiya ɗaya, dawa rabin tiya. Ki gyara su tsaf, a kai inji a niƙo, ki baza ya sha iska ya huce, ki tankaɗe ki zuba a bokiti mai murfi. Idan kika rufe shi da zafin inji zai yi gumi ya lalace.

Tsakin masara. A ɓarzo miki masara, ki tankaɗe, garin ki ajiye don tuwo, tsakin kuma ki raba manya da ƙanana. Ga fate, ga dambu.

Wake da shinkafa. Ki tsince su gaba ɗaya na mako. Tsintar wake ana kiran salla ita ce ke cinye rabin lokacin mace. Duk waken da kika ji yana warin magani kada ki saya, wanda kika saya kuma ki wanke shi sosai kafin ki ɗora.

Dakakken yaji da kayan ƙamshi. Barkono, citta, masoro, kanunfari da ɗan gishiri a gwangwani ɗaya. Daddawa dakakkiya a wani. Garin ƙuli-ƙuli a na uku. Ki kula da gyaɗar da ta yi hunhuna ko take ɗaci, a zubar da ita, domin tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Garin kayan miya. Allah Ya albarkace mu da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, da fadamun da ake noman rani. Lokacin da tumatir da tattasai suka yi araha, ki saya da ɗan yawa, ki yanka, ki shanya a kan tsabtatacciyar tabarma a saman rumfa ko wani wuri mai tudu inda kaji da awaki ba sa kaiwa. Idan sun bushe ƙayau ki daka ki adana. Cokali uku na wannan gari a ruwan zafi ya ba ki miya a damina lokacin da tumatir ya yi tsada, ba jiran markaɗe.

Busasshen ganye. Zogale, rama, tafasa da kuka. Ki shanya su a inuwa, domin rana mai zafi tana rage musu amfani da launi.

DABARAR BARGO

Wake shi ne naman talaka, amma jinkirin nunarsa ya sa mata da yawa suke gudunsa da dare, ko kuma su tula masa kanwa. Yawan kanwa kuwa yana ɓata ɗanɗano, yana kuma lalata wasu sinadaran bitamin da ke cikin waken. Ga hanya mafi sauƙi.

Ki jiƙa wakenki da safe. Bayan sallar Azahar ki zubar da ruwan, ki sa sabo, ki ɗora a kan ragowar wutar abincin rana ya tafasa sosai na minti 15. Sai ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo, ki saka a kwando ko kwali, ki danne da tsofaffin zannuwa. Zafin da ke ciki zai ci gaba da dafa shi ba tare da ko tsinken itace ɗaya ba. Ki tafi Islamiyyarki. Kafin ki dawo ya yi laushi. Sharaɗi biyu ne kawai: kada ya wuce awa huɗu a naɗe, kuma idan kin buɗe ki mayar da shi wuta ya sake tafasa. A ajiye kwandon inda ƙananan yara ba za su kai ba.

Yanzu ga girke-girke shida. Awon na gidan mutum shida ne, da gwangwanin madara. Sai ki ƙara ko ki rage daidai da iyalinki.

1. ƊANWAKE DA GANYE (minti 25)

Kayan haɗi: garin ɗanwake gwangwani 5, kuka cokali 2, ruwan kanwa kaɗan, man gyaɗa, albasa, yaji, tumatir, kabeji ko dafaffen zogale, ƙwai idan da hali.

Yadda za ki yi: Ki fara ɗora ruwa a faffaɗar tukunya. Kafin ya tafasa ki haɗa gari da kuka, ki zuba ruwan kanwar da kika tace, ki kwaɓa kada ya yi ruwa kada kuma ya yi tauri. Ruwa na tafasa ki riƙa jefawa ƙanana-ƙanana. Idan sun taso sama ki ba su kamar minti 10 kina juyawa don kada ya zube. Ki ɗauki ɗaya ki raba, idan babu fari a tsakiya ya nuna. Ki tsame cikin ruwa mai tsabta, ki tsane, ki zuba mai da kika soya da albasa. Ƙwan kuwa ki wanke ki jefa shi cikin tukunyar tun farko, wuta ɗaya aiki biyu. Wasu na ganin ɗanwake abincin rana ne. Babu inda aka rubuta haka, kuma yana riƙe ciki har safe.

2. GARAU-GARAU (minti 30)

Kayan haɗi: shinkafa gwangwani 4, waken da ya nuna a bargo gwangwani 2, gishiri, mai, yaji, albasa, tumatir, latas ko kabeji.

Yadda za ki yi: Ki mayar da tukunyar waken kan wuta, ki ƙara ruwa, idan ya tafasa ki wanke shinkafa ki zuba da ɗan gishiri. Kafin ta tsotse kin soya mai kin yanka ganye. Ki sa wa yara mai sosai a nasu, ki rage yaji. Idan akwai lemon tsami ki matsa a kan ganyen, domin yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙara jini da ke cikin wake. Shayi kuwa rage shi yake yi, don haka a jinkirta shi zuwa bayan abinci da kamar awa ɗaya.

3. FATEN TSAKI (minti 35)

Kayan haɗi: tsaki gwangwani 3, dafaffen wake gwangwani 1, dakakkiyar gyaɗa gwangwani 1, garin kayan miya cokali 3, manja, daddawa, magi, albasa mai lawashi, alayyahu ko zogale, yakuwa kaɗan.

Yadda za ki yi: Ki soya albasa da manja, ki tsayar da ruwa, ki zuba garin kayan miya, daddawa, gyaɗa da wake. Idan ya tafasa ki wanke tsaki ki riƙa zubawa kina juyawa don kada ya yi gudaji. Ki rage wuta na minti 15. Ganye shi ne na ƙarshe, minti 5 ya ishe shi. Fate tukunya ɗaya ce, wanke-wanke kaɗan, kuma daga kaka mai ƙarancin haƙori har yaron da ya fara cin abinci kowa zai iya sha. Ki ɗebi na ƙaramin kafin ki ƙara attarugu. Lokacin hunturu babu kamarsa.

4. FATEN DANKALI DA KIFI (minti 30)

Kayan haɗi: dankalin Hausa madaidaita 8, busasshen kifi ko bandar tarwaɗa, kayan miya, manja, albasa, alayyahu.

Yadda za ki yi: Ki jiƙa kifi a ruwan zafi, ki cire ƙaya a natse saboda yara. Ki fere dankali ki yanka ƙanana, domin ƙanƙantar yanka ita ce saurin nuna. Ki soya kayan miya, ki sa ruwa daidai kan dankalin, ki zuba kifi. Idan ya yi laushi ki ɗan farfasa wasu da ludayi don romon ya yi kauri, ki zuba ganye ki sauke. Idan kin samu dankali mai jan ciki ki fifita shi, yana da sinadarin da ke gyara ido da ƙarfafa jikin yara.

5. TALIYA DA WAKE (minti 20)

Yara na son taliya, kuma nan ne kuɗin gida da yawa ke zurarewa. Duk daren da girki ya makara sai a aika shago a sayo taliyar leda, kowane yaro da tasa. Ki lissafa kuɗin leda shida sau uku a mako, za ki ga ya kai na tiyar wake ko ya fi. Ga shi kuma gishirinta da yawa, abin gina jikinta kaɗan. Ki sayi taliyar Hausa 'yar murji, ko ta kanti ƙulli ɗaya. Ki soya kayan miya, ki tsayar da ruwa, ki zuba dafaffen wake gwangwani 2 da ɗan kifi, idan ya tafasa ki karya taliya ki zuba. Minti 10 ta yi. Ki watsa yankakken kabeji ki rufe ki sauke.

6. KWAƊON ZOGALE DA GARI (minti 15)

Wannan na daren zafi ne, irin na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ba mai son ganin tururi. Ki dafa zogale tun da rana tare da abincin rana, ki matse. Da yamma ki sake turara shi na ɗan lokaci, ki zuba garin ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa, yaji, gishiri da ɗan mai. Ki ɗan yayyafa wa garin rogo ruwa ya yi laushi ki haɗa. A biyo shi da kunu ko fura da nono, an gama.

TO, INA MAI SON TUWO?

Na san wata za ta ce, ai ni maigidana idan bai ci tuwo ba cewa yake bai ci abinci ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a yi watsi da tuwo ba. Abin da za ki canza shi ne lokacin tuƙa shi. Ki tuƙa tun bayan La'asar, ko kafin ki fita, ki kwashe cikin kula mai riƙe zafi. Miyar kuka kuwa ba ta wuce minti 15 idan daddawarki da yajinki a dake suke: ruwa, daddawa, albasa, garin kifi, ɗan wake dakakke, su tafasa, ki kaɗa kuka, ki rufe na ɗan lokaci. Haka busasshiyar kuɓewa.

Sannan ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ba lokacin da ya shigo da yunwa ba, ki yi masa magana da ladabi. Ki ce, "Baban yara, ina lura auta barci yake yi kafin a sauke tuwo. Ko za ka yarda kwana uku a mako mu riƙa yin abin da zai nuna kafin Magariba?" Da wuya uban da zai ji zancen ɗansa ya ƙi. Ki nuna masa kuma itacen da za a rage.

Ga misalin yadda za ki tsara mako. Laraba, ranar sabon cefane, faten dankali da kifi. Alhamis, garau-garau. Juma'a, tuwon shinkafa da miyar taushe, tun da akwai sarari. Asabar, ɗanwake. Lahadi, tuwon masara ko na dawa da miyar kuka. Litinin, faten tsaki. Talata, lokacin da cefane ya yi ƙasa, taliya da wake ko kwaɗo. Idan kuna da yawa a gidan, ku zauna da abokiyar zamanki ku tsara tare, don kada ta yi fate jiya ke ma ki yi fate yau. Garin ɗanwake da tsaki ma kuna iya haɗa kuɗin niƙa. Abin da zai shiga cikin yaran gida ɗaya bai kamata kishi ya shiga cikinsa ba.

A DUBI KWANON

Duk abin da za ki girka, ki tambayi kanki abu uku. Akwai mai ba da ƙarfi, wato hatsi, dankali ko rogo? Akwai mai gina jiki, wato wake, gyaɗa, waken suya, kifi, ƙwai, nono ko nama? Akwai ganye ko kayan lambu? Idan ukun nan sun haɗu, ko da babu tsokar nama abincinki ya cika. Ki yi amfani da gishiri mai sinadarin aidin, na cikin leda, ki kuma rage yawan magi, daddawa na nan.

Yaron da bai kai shekara biyar ba ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, ki zauna kusa da shi. A babban tire yayyensa sun fi shi saurin hannu, kuma ba za ki san iya abin da ya ci ba. Ki ba shi nasa da zarar an sauke, ba sai an jira maigida ya dawo daga masallaci ba. Idan kuma kika ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya daina son abinci, wannan ya wuce gyaran girki. A kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba.

TSABTA DA RAGOWAR ABINCI

Sauri ba ya hana tsabta. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci, ki wanke ganyen da za a ci ɗanye da ruwa mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye bayan ya huce. Mu da wutar lantarki ba ta da tabbas, firji ba abin dogaro ba ne, don haka ki auna daidai cikin iyalinki. Abin da ya rage a rufe shi, da safe kuma a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje, ba a ɗan nuna masa wuta ba. Shinkafa da wake da fate sun fi saurin lalacewa, musamman da zafi. Wanda ya canza wari ko ya fara yauƙi kada a ba yaro, ko an ɗumama.

KADA KI ZAMA KE KAƊAI

Uwargida, ki raba aiki. 'Yar shekara takwas za ta iya tsinke zogale, ɗan shekara goma zai iya ɗebo ruwa ya kai niƙa ya wanke kwanuka. Kada ki ce namiji ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa hidimar gida. Yaron da ya iya dafa garau-garau ba zai wahala ba ranar da ya tafi makarantar kwana, ko ranar da kika kwanta ciwo ko kika haihu. Wuta da tafasasshen ruwa da mai mai zafi dai a bar wa manya.

Ki gwada wannan tsari na mako biyu kacal. Ki fara da abu biyu, garin ɗanwake da dabarar bargo, sauran su biyo baya a hankali. In Allah Ya yarda za ki ga kin yi sallar Magariba a natse, yara sun ci sun ƙoshi idonsu biyu, har kin samu sararin duba musu karatun allo da aikin makaranta kafin su kwanta.

Mai wata dabara ta girki cikin sauri, musamman irin ta iyayenmu na karkara, ta rubuto mana domin 'yan uwa su amfana. Allah Ya sanya albarka a tukwanenmu, Ya hore wa mazajenmu abin cefane ta hanyar halal, Ya raya mana zuriya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A ci lafiya.